Ina Ungulayen Kwatarmu Suka Tafi?

  

Yau da tambaya zan fara, kuma kowa ya ba kansa amsa tsakani da Allah. Yaushe rabonka da ganin ungulu? Ba a hoto ba, ba a Facebook ba, da idonka.

Ni dai lokacin da muke yara, in an aike ni kwata sayo kayan ciki, sai na riƙe kwanon da hannu biyu saboda ungulaye. Suna kan rufin kwano, suna kan tsamiya, wasu suna tafiya a ƙasa tsakanin mahauta kamar su ma sana'ar ta kawo su. Kwanan baya na koma wannan kwata, ko ɗaya ban gani ba. Na tambayi wani dattijo mahauci, na ce, "Baba, ina ungulayen nan?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, wallahi sai da ka faɗa na tuna." Abin da ya maye gurbinsu shi ne karnuka, da ƙudaje, da wari.

Na san wani zai ce, Malam, mutane na fama da yunwa da 'yan bindiga, kai kana zancen ungulu? Na ji, kuma ban raina wannan magana ba. Amma ku ba ni minti kaɗan, ku ji abin da ya faru a Indiya.

A shekarun 1990, makiyaya a Indiya suka rungumi wani maganin ciwon jiki mai suna diclofenac suna ba shanu. Yana da araha, yana aiki. Sai dai in saniya ta mutu da maganin a jikinta, ungulu ta ci, ƙodarta ce ke lalacewa, cikin 'yan kwanaki ta mutu. A cikin kusan shekara goma, wasu nau'o'in ungulu suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100. Sai a 2006 gwamnatin Indiya ta hana ba dabbobi maganin. To, mushe ya rasa mai cinye shi. Yana ruɓewa a fili, yana gurɓata ruwa, karnukan da ba su da masu su suka samu abinci suka yi ta hayayyafa, ciwon haukan kare ya ƙaru. Wani bincike da aka wallafa a 2024 ya ƙiyasta cewa ɓacewar ungulu ta jawo ƙarin mutuwar mutane kusan dubu 500 daga 2000 zuwa 2005. Mutane fa, ba tsuntsaye ba.

Kun ga ashe ungulu ma'aikaciyar tsafta ce da ba ta karɓar albashi. Allah Ya yi mata ciki mai ƙarfin da yake kashe yawancin ƙwayoyin cutar da ke cikin mushe. Ta cinye da wuri, kafin kare da ɓera da ƙuda su ɗauka su kawo mana cikin gida. Gemun Indiya ya riga ya kama wuta, saura mu shafa wa namu ruwa.

A nan wajenmu ba diclofenac ne babban dalili ba. Abu biyu ne suka fi yin ɓarna. Na farko guba. Wani kura ko karnuka sun dame shi, sai ya barbaɗa maganin ƙwarin gona a kan mushe, ungulaye su sauka su mutu gaba ɗaya. Na biyu, kuma shi ne mai nauyin faɗa, kasuwar tsafi da magani. Ana sayen kan ungulu, da ƙafarta, da ƙwanta, wai don sa'a, wai don kasuwa, wai don zaɓe. Najeriya tana cikin manyan kasuwannin wannan harka a Afirka ta Yamma, har daga maƙwabta ake shigo da su. A 2020, a Gini Bisau, an tsinci gawar ungulu fiye da 2,000 da aka kashe da guba, da yawa an yanke musu kai. Ga shi kuma ungulu ƙwai ɗaya take yi a shekara. Ka kashe goma yau, sai an daɗe ba a mayar da gurbinsu ba. Shi ya sa tun 2015 ƙungiyar IUCN ta saka wannan ungulu tamu ta kwata cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa.

To, su wa ke aiki a kai?

Akwai NCF, gidauniyar kare muhalli da namun daji ta Najeriya, wadda aka kafa a 1980, hedikwatarta tana Lekki a Legas, kuma ta daɗe tana aiki a fadamar Haɗeja da Nguru. Abin da ya burge ni a aikinsu kan ungulu shi ne ba su tsaya zagin masu maganin gargajiya ba. Zama suka yi da su, aka nemo itatuwa da saiwoyin da masu maganin da kansu suka ce za su iya amfani da su a madadin sassan ungulu. A ganina wannan ita ce dabara. Mutumin da ka hana abincinsa ba ka nuna masa wata hanya ba, gobe zai koma, a ɓoye kuma.

Akwai WCS, wadda ke aiki da gwamnatin Bauchi a Yankari, inda ɗaya daga cikin garken giwaye mafi girma da suka rage a Najeriya yake. Suna tallafa wa masu sintiri, sannan suna ɗaukar mutanen ƙauyukan da ke kewaye su riƙa sa ido, su ba da labari in giwaye sun doshi gonaki. Domin manomin da giwa ta cinye masa dawa a dare ɗaya, ba wa'azi yake bukata ba, kariya yake bukata.

Ga kuma labari mai daɗi daga Nijar. A yankin Kure, kusa da Yamai, raƙuman dawa 49 kacal suka rage a 1996, kuma su ne na ƙarshe irinsu a duniya. Gwamnati ta hana farautarsu, ƙungiyoyi suka shigo da rijiyoyi da ƙananan rance ga mutanen ƙauyukan, matasa suka zama masu yi wa baƙi jagora. Yau sun haura 600. A 2018 har an ɗebi takwas an kai Gadabeji don a sake kafa wani garke. Wato abin yana yiwuwa, in talaka ya ga ribarsa a ciki.

Ta ɓangaren lafiyar dabbobin gida, muna da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato, tun 1924, inda ake haɗa allurar rigakafi. Ku tambayi tsofaffin Fulani labarin bushiya, cutar da ta share garkuna a farkon shekarun 1980. Rigakafi aka dage da shi, ƙasa da ƙasa, har a 2011 aka sanar da cewa an kawar da ita daga doron duniya. Amma aiki bai ƙare ba. A 2006 a jihar Kaduna aka fara samun murar tsuntsaye nau'in H5N1 a Afirka. A watan Yulin 2023 aka tabbatar da cutar saifa a wata gona a Suleja, cutar da ke kama mutum in ya feɗe ko ya ci naman dabbar da ta kamu. Lafiyar saniya, da ta ungulu, da ta ɗanka, igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Yanzu bari in faɗa wa ƙungiyoyin nan gaskiya, don ba yabo kaɗai na zo yi ba. Yawancin rahotanninku da Turanci suke ko Faransanci. Taronku a otal yake, a Abuja ko Legas. Mahauci da mafarauci da makiyayi, waɗanda su ne suke tare da dabbobin nan kullum, ba su san kuna yi ba. Kuɗinku kuma daga waje yake zuwa, ranar da mai bayarwa ya gaji, shi ke nan aikin ya tsaya. Ku shigo rediyo da Hausa da Fulfulde. Ku je wajen sarkin fawa da sarkin baka da arɗo. Ku je wajen limamai, domin addininmu ya hana azabtar da dabba da kashe ta a banza, sannan mai neman sa'a da kan ungulu, malamai sun fi ni sanin sunan abin da yake yi.

Mu kuma matasa, ga namu, kuma ba ya bukatar ko sisi. In dabba ta faɗi ta mutu haka kawai, musamman in jini na fita ta hanci ko ta baya, kada a feɗe, kada a sayar, a kira malamin dabbobi. Kada a sa guba a mushe. In akwai kare a gidanku, a yi masa allura. In kare ya ciji yaro, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a wuce asibiti a ranar, kada a jira a ga alama, don in alamar haukan kare ta fito, kusan babu mai tashi. Sannan Asabar ta farkon watan Satumba ita ce ranar ungulu ta duniya, 28 ga Satumba kuma ranar yaƙi da haukan kare. Ƙungiyarku ta unguwa za ta iya gayyato likitan dabbobi ya yi wa mutane bayani a ƙofar mai unguwa.

Aikin gida na wannan mako: ka je kwatar garinku, ka ƙirga ungulayen da ka gani, ko da babu ko ɗaya, ka rubuto mana sunan garin da adadin. Sannan ka tambayi dattijo guda yadda abin yake a da. Mako mai zuwa in sha Allahu zan karanto abin da kuka aiko.

Hausawa na cewa ungulu ta koma gidanta na tsamiya. Tsamiyar kwatarmu tana nan, na gan ta da idona. Allah Ya sa 'ya'yanmu su ga mai gidan ta dawo.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.