Jawabin Sakatare Kan Ciwon Firgita da Haƙƙin Mara Lafiya

Malam Shugaba, dattawa, iyaye mata da 'yan'uwa.

Tun ƙona kasuwar Bwari a Disamba 2017 da satar mutane ta Janairu 2024, akwai waɗanda barci ke gagara har yau, ƙarar babur ma firgita su take yi. Wannan ciwo ne, likitoci sun san shi.

An tambaye ni ko jona lantarki a kai yana goge mugun tunani. An fara wannan magani a Italiya a 1938, yanzu sai an sa mutum barci ake yi. A 2013 masu bincike a Holan sun gano cewa idan aka tuna wa mutum labari dab da jonawar, washegari ya dushe masa, domin abin da aka tuno sai ya sake kafuwa a ƙwaƙwalwa, lantarkin kuwa yana katse hakan. Amma labarin hotuna aka gwada, a kan masu ciwon damuwa. Maganin farko ga firgita shi ne tattaunawa da likitan ƙwaƙwalwa.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2023 ta ce a yi wa mara lafiya bayani, a nemi yardarsa. Kada ku dangwala yatsa a takardar da ba a karanta muku ba. Ku kawo ta ofis, mu karanta tare.

Allah Ya ba mu lafiya. Wassalam.