A Bar Yaro Ya Kai Aya



Yau maganarmu kan bakin yara ce. Yaro na buɗe baki, sai a daka masa tsawa: "Yi shiru, manya na magana!" Ladabi daban, tsoro daban.

Ku dubi musabaƙar Alƙur'ani da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke shiryawa. Ƙaramar yarinya za ta zauna gaban alƙalai, ta gyara lasifika, ta ja baƙi ba gargada. Ta saba ne. Kullum tana biyawa, malam na saurare.

To iyaye, in kun aiki yaro kasuwa, ku bar shi ya ba da labarin cinikin da bakinsa. In ya yi in'ina, kada a yi dariya, kada a ƙarasa masa. Malamai, ku farfaɗo da muhawara a makarantu.

Don Allah, a saurari yaran nan.