Jawabin Babban Baƙo a Taron Yaye Matasa Masu Ƙirƙirar Wasannin Kwamfuta

 

Da aka kawo mini takardar gayyata, alfarma ɗaya na roƙa: a bar ni in zo jiya in zauna a bayan ɗaki lokacin da ake gwada wasannin da kuka haɗa cikin kwana biyu. An yi mini, na gode. Duk cikinsu wanda ya fi riƙe ni shi ne wani ɗan gajeren wasan tsalle-tsalle, na akuyar da ta tsinke igiya tana haye katangu. Wata yarinya, ƙanwar ɗaya daga cikinku, ta karɓi wayar. Duk sanda ta zo bakin wata katanga sai akuyar ta rufta rami. Da abin ya ishe ta sai ta ɗago ta ce, "Wallahi na danna!" Mai wasan kuwa, cikin ladabi, ya ce mata ai ba ta danna da wuri ba ne.

Ɗana, ba zan kama sunanka ba, amma ka san kanka. A lissafin na'ura kana da gaskiya, ƙafar akuyar ta riga ta bar katanga kafin yatsa ya sauka. Sai dai yarinyar nan ma ba ƙarya ta yi ba, kuma ita ce za ta ajiye wayar ta tafi.

Wannan ƙorafi ya girmi wasanka. A shekarar 2015 wasu 'yan Kanada biyu, Maddy Thorson da Noel Berry, sun haɗa wani wasan hawan dutse cikin kwana 4 kacal, a kan manhajar PICO-8, wadda allonta ɗigo 128 ne a tsaye da 128 a kwance, launukanta kuma 16. Suka sa masa suna Celeste. Daga wannan ɗan ƙwarya-ƙwaryan aiki aka gina cikakken wasan da ya fito a watan Janairun 2018, ya ci lambobin yabo a ƙarshen shekarar. Duk wanda ya buga shi ya san wasa ne mai wahalar gaske, mutum kan faɗi sau ɗaruruwa kafin ya kai ƙololuwa. To me ya sa ba a cika jin mai bugawa ya ce an cuce shi ba? Saboda akwai rangwamen da aka ɓoye a ciki. Idan jarumar ta wuce bakin dutse, ana ba ta kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa da za ta iya yin tsalle duk da ƙafarta na kan iska. Masu sana'ar sun laƙaba wa dabarar sunan wata dabba mai kama da dila a katun ɗin Amurka, wadda kan zarce bakin rami a guje, ba ta faɗawa sai ta leƙa ƙasa. Haka nan idan ka danna maɓalli ɗan kaɗan kafin ta dira, wasan zai riƙe maka dannawar ya cika ta da zarar ta taka ƙasa. Idan kanta ya gogi kusurwar dutse, sai a ɗan gusar da ita gefe ta wuce. Mai bugawa ba ya ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan, abin da yake ji kawai shi ne wasan yana bin hannunsa. Da irin wannan rangwame, ɗana, gyaran katangar akuya ba zai ci maka rabin awa ba.

Akwai wata matsala kuma da ta fi shafarmu mu a nan, wato kara. Ka miƙa wa abokinka wasa, ya sha wahala, ya faɗi, ya rasa hanya, ka tambaye shi ya ya gani, sai ya ce, "Kai, ma sha Allah, ya yi kyau." Tarbiyya ce, ba na kushe ta, da ita aka rene mu. Amma ba za ka gyara komai da ita ba. Shi ya sa yarinyar jiya ta fi mu amfani, shekarunta ba su kai na kara ba. Idan babba ne ke gwadawa, ka rage sauraron bakinsa, ka kalli yatsunsa da fuskarsa. Ina ya tsaya yana dube-dube? Ina ya yi tsaki? A wane mataki ya fara leƙa saƙonnin wayarsa? Kuma ka kame bakinka. Na lura jiya da yawanku kuna tsaye a kan mai bugawa kuna cewa "bi nan, danna can". Ranar da wasan ya shiga wayar wani a Zinder ko Kumasi, wa zai tsaya masa a ka?

Gasar Ludum Dare, wadda aka fara a 2002, ta ɗauki wannan al'amari da muhimmanci. Mai aiki shi kaɗai yana da awa 48, ƙungiya awa 72, bayan nan sai a shafe makonni masu gasar suna buga wasannin juna suna ba da maki a kan daɗi da zane da sauti da sauransu. Wasan da bai samu mutum 20 sun auna shi ba, ba ya shiga jerin sakamako. A wannan gasa ce a 2013 wasu 'yan Ostareliya, Ari Gibson da William Pellen, suka fitar da Hungry Knight. Mutane ba su so shi ba, har ya taɓa zama da tauraro ɗaya cikin biyar a shafin Newgrounds. Ba su tsaya musu da kowa ba. Suka ɗauki ɗan jarumin nasu suka gina masa wata duniya dabam, a 2017 ya dawo a Hollow Knight, wanda miliyoyin mutane suka saya.

Kada dai ku ɗauka cewa nake duk abin da aka faɗa ku aikata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba lallai ya iya gyaran rufi ba. Wani zai ce a cire ramin gaba ɗaya, wani ya ce a ba akuya fukafukai. Abin da za ku riƙe daga maganarsu shi ne cewa akwai ciwo a wannan wuri. Gano maganin aikinku ne, don shi aka horar da ku. In mutum ɗaya ya koka, ku rubuta. In uku suka faɗi a rami guda ba tare da sun haɗa baki ba, ku buɗe kwamfuta.

Iyaye, na san wasunku sun daɗe suna tambayar me yaran nan ke yi har tsakar dare, ga kuɗin data, ga neman inda za a yi caji. Ga amsar can a kan tebura a bayan zaure. Ina roƙon ku, bayan an miƙa takardun shaida, kowa ya ɗauki waya ya buga, kuma yau ɗaya ku ajiye kara a gefe. Ku kuma ɗalibai, kowa ya riƙe biro da takarda ya tsaya a gefen teburinsa, ba bayani, ba kare kai.

 Shugaban taro, da izininka, ni zan fara da teburin akuya.