Kafin Ka Rage wa Motarka Taya



Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, da wili mai inci 14 ta fito. Wanda ya sa mata ƙaramar taya don ta yi kama da motar tsere, lalle za ta fi saurin tashi, ta rage tangaɗi a kwana. Amma injin zai ƙara juyi, cikinta kuma ya kusanci ƙasa. Da ta bar kwaltar Daura zuwa Kwangwalam ta shiga rairayi, sai ta kafe. Mafi muni, ƙaramar taya ba ta jure lodin babba. Ga zafin bazara, tana iya fashewa da iyalinka a ciki. Saboda haka ku duba lambar da maƙera suka rubuta kafin ku je wurin mai faci.