Kar a riga mu rubuta sunan kayanmu

Kun tuna maganar albasar Galmi? Wani kamfanin iri na Senegal ya je OAPI yana son a mallaka mishi irin Violet de Galmi. Sai da Nijar ta tada murya sannan ya canza suna. To, albasar da kowa ya sani ke nan, balle sabulunki, Hajiya, ko kilishinka, Malam!

OAPI tana Yawunde. Rajista guda tana tsare marka cikin ƙasashe 17, tsawon shekara 10, kuma ana sabuntawa. Amma fa Najeriya ba ta ciki, tata rajistar daban ce, can Abuja. In kana kai kaya Kano, wani ya riga ka rubuta sunan, wallahi kai za a kira mai jabu.