Kurma ko bebe? Tambayoyin da muke jin nauyin yi

Ina magana da ku daga nan Ƙofar Taramniya, cikin birnin Sakkwato. In kun ji ƙarar kabu-kabu a bayan muryata ku yi haƙuri, ɗakin namu bakin hanya yake.

Kafin mu shiga, bari in ba da amsar wani saƙo. Wani ya rubuto yana tambaya, mi ya sa muke wahalar da kanmu muna buga shirin nan a rubuce bayan mun riga mun sa murya? To ɗan'uwa, a gidanmu akwai wanda in ba a rubuta ba, bai san abin da yayansa ke faɗa wa duniya ba. Shirin yau nasa ne.

Kuna tune da sanƙarau na 2017, wanda ya ratsa Zamfara da Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja. Ƙanena na cikin yaran da ya kama, lokacin shekararsa bakwai. Allah Ya tashi kafaɗunsa, munka dawo gida muna murna. Sai da aka kwana biyu Inna ta lura tana kiransa daga madafa ba ya waiwayowa. Da fari an ce rashin ji ne irin na yara, har duka ya sha a kai. Ashe da gaske ba ya ji.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ciwon zafi. Cikin wata ɗaya sunansa ya ɓace a unguwa. Mai shago, mai shayi, yaran da sunka tashi tare, kowa “Bebe” yake cewa. Yaron da ke magana rangaɗau, har ya kai izu biyu a allo. Wata rana muna zaune wurin mai shayi, wani ya miƙa masa kofi yana cewa “ungo, Bebe”. Ya kalli bakin mutumin, ya gane. Da munka koma gida ya ɗauko biro ya rubuta mini a bayan littafinsa: “Yaya, ni ba ni da suna yanzu?” Wallahi har yau takardar na cikin akwatina.

To mu fara daga nan, don ita ce tambayar da ta fi yawa cikin saƙonninku: kurma za a ce, ko bebe?

A Hausa kalmomin biyu ba ɗaya ba ne. Kurma shi ne wanda ba ya ji. Bebe shi ne wanda ba ya magana. Mun haɗe su ne don yaron da aka haifa ba ya ji, bai taɓa jin magana ba balle ya kwaikwaya, sai mu ga kamar harshensa ne ke da matsala. Mafi yawan kurame lafiyar maƙogwaronsu lau. Suna dariya da murya, suna kuka da murya, wasu ma suna magana, musamman irin ƙanena da ya rasa ji bayan ya iya magana. Kuma kun san yadda muke amfani da “bebe” a bakinmu na yau da kullum: “ka tsaya kamar bebe”, “ya mai da ni bebe”. Kalmar da muke zagin juna da ita, ta yaya za ta zama sunan ɗan wani?

Amma kar in yi muku ƙarya, maganar ba ta miƙe sak ba. Akwai dattawan kurame da ke kiran kansu bebaye ba tare da jin komai ba, a Kano ma akwai sarautar Sarkin Bebaye, kamar yadda ake da Sarkin Makafi. Matasa kuwa, musamman waɗanda sunka yi boko, da yawa sun fi son a ce kurame. Wasu kuma da ke ji kaɗan-kaɗan sun fi son a ce “mai ƙarancin ji” ko “mai lalurar ji”. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In za ka yi magana a kan jama'arsu gaba ɗaya, ka ce kurame. In mutum ɗaya ne a gabanka, ka kira shi da sunan da ubansa ya yanka masa rago. In kana shakka, ka tambaye shi.

Waɗanda za mu ajiye gaba ɗaya su ne “musaki”, “nakasasshe”, da “Allah sarki, bawan Allah” ɗin nan da muke yi da karkace kai. Mutum ya zo sayen kati, kai kuma kana laluben aljihu za ka ba shi sadaka. Wannan tausayin wulaƙanci ne, ko da ba ka nufa ba.

Tambaya ta biyu, wata 'yar'uwa ce ta aiko: “Shin maganar hannu iri ɗaya ce a duk duniya?”

A'a. Yadda Bahaushe da Bafaranshe ba sa jin juna, haka kuramensu. Ko Ingila da Amurka da ke Turanci ɗaya, harsunan hannunsu daban ne. Mu nan ƙasar Hausa muna da namu, sunansa Maganar Hannu, kuma ya girmi makarantun kurame. A kasuwa da majalisa da zaure kurame sunka gaje shi daga kurame. Wata mai bincike Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta yi nazarinsa, littafinta ya fito a 2000. Yana da nahawunsa, yana da barkwancinsa, ana gulma da shi, ana faɗa da shi, ana zance da shi.

Sannan akwai na makaranta, wanda kuke ganin mai fassara na yi a gefen allon talabijin lokacin labarai. Shi tushensa Amurka. Wani kurma baƙar fata ɗan Amurka, Andrew Foster, ya buɗe makarantar kurame a Akara ta Gana a 1957, sannan a Ibadan a 1960, ya zo da harshen hannun ƙasarsu. Daga nan ya bazu a makarantu, ya ɗauki launin Najeriya. Don haka yaron da ke zuwa makarantar A.A. Raji nan Sakkwato, ko Tudun Maliki a Kano, zai iya dawowa gida da alamomin da kurman kasuwa bai sani ba. Da yawansu duka biyun suke yi, kamar yadda muke haɗa Hausa da Turanci.

Ta uku: “Mi ke kawo kurumta? Gado ne, ko iska?”

Akwai na gado, gaskiya ne. Amma ku duba unguwanninku, mafi yawan yaran kurame iyayensu na ji. A wajenmu abubuwan da ke kawo shi sanannu ne: sanƙarau, ƙyanda, hangum, shawarar jarirai in ta yi tsanani, wahalar haihuwa, kunnen da ke zubar da mugunya aka bar shi shekara da shekaru ana ɗiga masa man ja. Akwai kuma magunguna masu ƙarfi, irin allurar jentamaisin, da kan lalata ji in an yi su barkatai ba da umarnin likita ba. Da yawa daga cikin waɗannan rigakafi na tare su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 430, sama da kashi 5 cikin 100 na mutanen duniya, na da raunin jin da ke buƙatar kulawa. Ku kuma masu kwana da abin sauraro a kunne kun ƙure ƙara, da masu aiki gindin injin niƙa da janareta, kuna cikin layi, don ƙara na cin ji a hankali kuma abin da ya tafi ba ya dawowa.

Uwa, in jaririnki ba ya firgita da ƙarar faɗuwar kwano, ko ya kai shekara biyu ba kalma ko ɗaya, kar ki tsaya jiran “nauyin baki ne, babansa ma haka ya yi”. A kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Akwai shi a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Shekarun farko su ne na kama harshe. Ko na baki ko na hannu, yaro ya samu ɗaya da wuri.

Ta huɗu, wadda ni ma na yi laifinta: “In na ɗaga murya zai ji?”

Na shekara ina yi wa ƙanena ihu. Abin da yake gani kawai fuskar yayansa a murtuke, jijiyar wuya a tashe. Ihu na ɓata siffar baki, ya ƙara wahalar da mai karanta leɓe. Karatun leɓen ma rabinsa cinta ne. Je gaban madubi ka ce “Baba”, ka ce “Mama”, ba murya. Iri ɗaya ne. Ka ce “kara”, “ƙara”, “gara”. Duk a can cikin baki ake bambanta su, ido ba ya kaiwa. Ga Hausa da karin sauti, wanda ba a ganinsa ko kaɗan. Na'urar ƙara ji ma tana taimakon wanda ke da sauran ji ne, ba ta mai da kunne sabo, kuma a cikin hayaniyar kasuwa komai take ƙarawa har da hayaniyar.

Abin da ke aiki mai sauƙi ne. Ka tsaya inda zai ga fuskarka, haske na gabanka. Ka cire hannu daga baki, ka tofar da cingam. Ka yi magana yadda ka saba, a natse. In bai gane ba ka sauya kalma, ko ka rubuta a waya. In za ka kira shi, ka ɗaga hannu inda zai gani ko ka ɗan taɓa kafaɗarsa. Ban da jifa da tsakuwa, ban da fizgo riga ta baya. In da mai fassara, ka kalli kurman, da shi kake magana. Kuma don Allah, in ana dariya a majalisa ya tambayi mi anka ce, kar ka ce masa “ba komai, bari sai an jima”. Ƙanena ya ce duk cikin abin da muke masa, wannan ya fi ƙona masa rai.

Wannan ya kawo mu ta biyar: “Mi ya sa kurame ke da zafin zuciya?”

Bari in ba ku labari. Na taɓa raka shi wani asibiti, na fita sayen ruwa na daɗe. Anka kira sunansa sau uku da baki, yana zaune a gaban mai kiran, anka tsallake shi. Da na dawo ya nuna katinsa yana bugun benci, sai na ji wata na cewa “ai haka bebaye suke, ba su da haƙuri”. Kai da ke ji, a yi maka haka sau ɗaya ka ga yadda za ka yi. Shi kullum ne. Ga yara na binsa da tsokana, manya na kallo suna dariya. Sannan harshen hannu da fuska ake yinsa, ɗage gira da zare ido nahawu ne a wurinsu, mu kuma sai mu karanta shi a matsayin faɗa.

Ta ƙarshe: “Suna aure? Suna aiki?”

Ƙwarai. Akwai teloli, kafintoci, masu gyaran waya, malaman makaranta, da masu digiri. A Amurka akwai jami'a sukutum ta kurame, Gallaudet, tun 1864. Nan gida Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta musamman da ke Oyo na horar da malamansu, kuma suna da ƙungiyarsu ta ƙasa. Doka ma na bayansu: a Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Wanda ya nuna wariya zai iya fuskantar tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun, kamfani kuma naira miliyan ɗaya, sannan an ce ma'aikatun gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Aiwatarwa dai, ku ma kun san ƙasarku. Amma wanda bai san haƙƙinsa ba, ba zai nema ba.

Ga aikin gida. Ranar 23 ga Satumba ita ce ranar harsunan hannu ta duniya. Kafin ta zo, ka nemi kurman unguwarku, ka tambayi sunansa na gaskiya, ka roƙe shi ya koya maka gaisuwa da “na gode” da “yi haƙuri”. Mai shayinmu ya yi haka bara. Yanzu in ƙanena ya zo, da hannu yake tambayarsa madara ko ba madara, kuma da sunansa yake kiransa ko da ya san ba zai ji ba, don mutanen da ke kan benci su ji.

Kuramen da ke karanta wannan, inda na yi kuskure ku gyara mini, zan karanto gyaran a shiri na gaba, in kuma buga shi a rubuce. Kai kuma ƙanena, na san kana karantawa. Amsar tambayarka ta makara, amma ga ta: kana da suna, mu ne munka yi sakaci da shi. Ka yafe wa yayanka ihun da ya yi maka.

Sai mun haɗu mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.