Zargi Ba Hukunci Ba Ne: Jawabi Ga Ɗaliban Yaƙi Da Jahilci

 

Yau zan yi magana ne a kan mutumin da 'yan sanda suka kama, suka bincika, amma ba su kai shi kotu ba. Irin wannan yana faruwa a ƙauyukanmu na Dambatta, Makoɗa, Bichi da Kunchi. Akuya ta ɓata, ko an yi rigimar iyakar gona, sai a kai sunan mutum caji ofis. Ya kwana uku a tsare, ga damina ta kankama, ciyawa tana cin gero. Iyalinsa su sayar da tunkiya, wasu har su jinginar da gona don a fito da shi.

To, ku saurara da kyau. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ce kowa mara laifi ne har sai kotu ta tabbatar da laifinsa. Ɗan sanda bincike ne aikinsa. Hukunci na alƙali ne.

Ga haƙƙoƙinku guda shida.

Na ɗaya, sashe na 35 ya ce a gaya wa mutum dalilin kama shi a rubuce, cikin awa 24, da harshen da yake ji.

Na biyu, idan akwai kotu a cikin nisan kilomita 40, a kai shi gabanta cikin kwana ɗaya. Idan ta fi haka nisa, kwana biyu. Manyan laifuffuka irin kisan kai ne suke da tasu ƙa'idar daban.

Na uku, yana da ikon yin shiru har sai ya ga lauya ko wani wanda ya amince da shi. Kada ka dangwala yatsa a takardar da ba ka san abin da ke cikinta ba. Karanta da kanka, ko a karanta maka. Ga amfanin karatun da kuke yi.

Na huɗu, belin 'yan sanda kyauta ne. Mai tsaya maka ake nema, ba kuɗi ba.

Na biyar, dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama uba a madadin ɗa, ko mata a madadin miji. Ta kuma hana kama mutum saboda bashi kawai, kamar bashin taki. Wannan maganar kotu ce.

Na shida, dokar 2017 ta haramta duka da azabtarwa don a sa mutum ya amsa laifi.

Idan an sallame ka ba tare da tuhuma ba, ka nemi kayanka: keke, babur, waya ko kuɗi. Ka rubuta ranar da aka kama ka da ranar da aka sake ka. Wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana iya zuwa babbar kotu ya nemi diyya da ban haƙuri a bainar jama'a. Marar hali ya je Hukumar Ba Da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Dukansu suna da ofis a Kano.

Saura namu. Wanda aka sako ba ɓarawo ba ne. Kada mu ƙaurace masa a gayya, kada mu hana ɗansa aure, kada yara su bi shi da suna. Masu unguwanni da dagatai su taimaka wajen wanke shi a gaban jama'a. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A ƙarshe, idan 'yan sanda sun kira ka, ka je. Kada ka gudu, kada ka yi faɗa. Ka tafi da wani dattijo, ka yi magana cikin ladabi, ka kuma san haƙƙinka.

Allah Ya kare mu daga sharrin ƙazafi, Ya ba mu damina mai albarka. Wassalamu alaikum.